Tsuntsun soyayya da baƙin kishinsa: me ya sa ba a zuba shi keji ɗaya da kowa

Labarin kusan iri ɗaya ne a bakin duk wanda abin ya taɓa shafa. Mutum ya shiga kasuwa ya ga wasu 'yan tsuntsaye biyu koraye shar, fuskarsu ja-ja kamar an ƙunsa musu lalle, sun manne da juna a kan sanda ɗaya, wannan na sosa wa wancan ƙeya. Ya tambayi sunansu aka ce masa tsuntsayen soyayya ne. Ya biya ya kawo gida. Da yake yana da ƙaton keji mai kanari biyu da baji uku a ciki (baji wani ɗan ƙaramin aku ne), sai ya ce ai ga wuri nan, ya zuba su. Wata biyu, wata uku, lafiya lau. Ran nan ya fito da sassafe ya tarar da jini a jikin sanda, ga baji ɗaya a takure a kusurwa ya ɗage ƙafa, yatsa guda babu. Su kuwa masoyan suna can sama suna ba juna abinci a baki, kai ka ce ba su san an yi ba.

Abin da mai kejin kan fara cewa shi ne an sayar masa da mugun iri, ko kuma tsuntsuwar ta haukace. Ba ko ɗaya. Sunan ne ya yaudare shi, ya ɗauka wanda ya iya son abokin zamansa haka zai iya son kowa. Ni a ganina soyayyar da faɗan ba halaye biyu ba ne da suka haɗu a tsuntsu ɗaya bisa tsautsayi. Tushensu guda ne, kuma wanda bai gane tushen ba zai yi ta sauya keji da sauya abinci yana binne tsuntsaye.

Sunan dai ba 'yan kasuwa suka ƙirƙira shi ba. Masana na kiran dangin Agapornis, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙauna da tsuntsu, Faransawa kuma suna kiransu da sunan da ke nufin waɗanda ba sa rabuwa. Iri 9 ne, 8 a nan cikin Afirka, ɗaya a tsibirin Madagaska. Uku daga ciki su suka cika kasuwannin duniya: mai jar fuska, wanda asalinsa busassun ƙasashen Namibiya da Angola ne, da wanda ake kira na Fischer, da mai baƙin kai da rawayan wuya, waɗannan biyun daga Tanzaniya. Tsawonsu daga santimita 13 zuwa 17 ne, nauyinsu giram 40 zuwa 60, wato kusan nauyin ƙwan kaza guda. Amma aku ne, dangin aku na haƙiƙa, kuma bakinsa bakin aku ne: lanƙwasasshe, mai kauri, wanda aka yi don fasa tsaba mai tauri da ɓantarar itace. Idan ka ajiye shi kusa da baji, wato ɗan ƙaramin akun nan na Ostireliya mai doguwar jela wanda wasu masu sayarwa ke haɗawa su kira da suna ɗaya, za ka ga bajin ya fi tsawo. Jela ce kawai. Nauyinsa bai cika wuce giram 30 zuwa 40 ba, bakinsa kuwa ɗan tsurut ne. Ƙafar baji ko ta kanari a bakin tsuntsun soyayya kamar tsinken tsintsiya take.

To me ke sa shi cizo? Amsar tana cikin wurin da yake yin ƙwai.

Kurciya idan ta so sheƙa, tsinke biyar ko goma ta jera a kowane reshe ta gama. Idan aka kore ta, ga wani reshen. Tsuntsun soyayya ba haka yake ba, cikin rami yake kwanci: kogon itace, tsagar dutse, ƙarƙashin rufin gini. Rami kuwa ba ya samuwa ko'ina, kuma ba shi kaɗai ke nemansa ba. Mai jar fuska a Namibiya har ɗakunan wani irin marai yake shiga, marai mai gina ƙatuwar sheƙar tarayya kamar rufin bukka a kan itace, ya mamaye ɗaki ya zauna. Namu na nan yammacin Afirka, mai jan kai, wanda ake samu har a Najeriya da Kamaru da Gana, macensa gidan gara take haƙawa, irin wanda ke manne a jikin itace, ta yi rami a ciki ta zuba ƙwai. Shi ya sa ma kiwonsa a keji ya gagari yawancin mutane, sai 'yan ƙalilan da ke ba shi wani abu mai laushi ya haƙa da kansa. Tsuntsuwar da ta sha wannan wahala kafin ta sami ɗaki, za ta kwanta a kan ƙwai 4 zuwa 6 na kwana 23 ko kusa da haka, sannan 'ya'yan su yi kusan mako 6 a ciki kafin su fito. Wata biyu ke nan da ɗoriya rayuwar zuriyarta tana rataye a bakin rami ɗaya. Wadda ta yi sanyin hali aka ƙwace mata ramin, ba ta bar baya ba. Waɗanda muke gani a keji yau jikokin masu zafin ne.

Namijin kuma a duk tsawon kwancin shi ke kawo mata abinci, ya amayo ya ɗura mata a baki. Wannan ɗurar da muke gani mu ce soyayya, aikin ciyar da mai jego ne, suna yin ta tun kafin a yi ƙwai don ɗaurin ya yi ƙarfi. Ka ga ke nan abu biyu ta mallaka a duniya, rami da miji, kuma kowanne idan ya kuɓuce 'ya'ya sun mutu. Mannewar da take yi wa ɗaya, ita ce korar da take yi wa saura.

Saboda haka ne macen ta fi namijin faɗa, kuma sau da yawa ta ɗan fi shi jiki. Masu kiwon da suka daɗe, idan aka kawo musu ƙarar tsuntsun da ya addabi keji, tambayarsu ta farko ita ce ko mace ce.

Akwai wanda zai ce, to ai a daji garke suke yi. Gaskiya ne, kuma nan ne maganar ta fi daɗin dubawa. Suna yawo goma-goma, ashirin-ashirin, a bakin ruwa ko gonar da ta nuna kuwa sai su taru ɗaruruwa. Mai jar fuska har sheƙa yake yi kusa da 'yan'uwansa, unguwa guda. Ba su rasa faɗa a can, kullum cikin tsiya suke da juna. Bambancin shi ne a daji faɗan yana da ƙofar fita. Mace ta buɗe baki, ta sunkuyar da kai, ta kumbura gashi, wanda aka yi domin shi ya tashi ya koma wata bishiyar, magana ta ƙare. Gudun nan shi ne ban haƙurinsa, kuma ita ma ta karɓa. A keji fa? Ta yi gargaɗi, ya tashi, ya bugi waya, ya dawo ya sauka taku ɗaya daga inda take. A wurinta wannan raini ne: an kore ka ka ƙi tafiya. Sai ta ƙara. Shi kuma ba inda za shi. Keji bai ƙara mata mugunta ba, hanyar gudu ya toshe wa wanda take kora, faɗan da zai ƙare da tsawa sai ya ƙare da jini.

Abin ya fi muni idan wanda ake korar wani iri ne daban, domin ba ya ma jin yaren. Tsuntsun soyayya ya san idan ɗan'uwansa ya matso da buɗaɗɗen baki, janye ƙafa ake yi, don su a faɗansu ƙafa suke hara. Baji bai san wannan ba. Shi ga shi da rawar kai da shisshigi, ko'ina sai ya leƙa, har bakin akwatin sheƙar wani. Kanari da sauran ƙananan masu cin tsaba ba su da abin kare kai ko kaɗan. Wanda ya fi ba ni tausayi kokatil ne, mai tukkun nan na Ostireliya. Ya kusa ninka tsuntsun soyayya a nauyi, mai shi na ganin ai babba ne zai kare kansa, alhali sanyin halinsa ya yi yawa, tsayawa yake a yi masa illa. Idan kuma aka juya aka haɗa tsuntsun soyayya da wanda ya fi ƙarfinsa, kamar tsirya ko aku mai nauyin giram 400, to shi ba ya duba girman abokin faɗa. Zai kai hari, akun ya mayar sau ɗaya, shi ke nan. Ta ko'ina aka ɓullo akwai asara, sai dai a sauya wanda za a binne.

Ina jin abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne sabo da tattabara. Wanda ya tashi gidan da ake kiwon tattabaru ya saba ganin talatin a ɗaki ɗaya, kowacce da tukunyarta, ga kaji da zabi a tsakar gida ana cin tsaba tare. Tattabaru ma suna faɗa kan tukunya, amma me suke da shi? Marin fiffike da saran baki mai laushi, kuma da gari ya waye an buɗe su sun tashi sama. Sai ya ɗauki wannan ma'aunin ya auna aku da shi. Faɗan tattabara ƙura yake tayarwa, na tsuntsun soyayya ƙashi yake karyawa.

Sai kuma batun watannin nan na zaman lafiya, wanda shi ne hujjar kowa: ai sun daɗe tare ban ga komai ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa ƙanana ne, ba su balaga ba. Ƙaramin tsuntsun soyayya ba shi da ramin da zai tsare, ba shi da mata, zai zauna da kowa. Tsakanin wata 6 zuwa shekara jikinsa ke juyawa, kuma ba ya sallama kafin ya juya. Ko babba ma yana da lokacin sanyi da lokacin zafi. A daji yalwar abinci ke tayar musu da sha'awar ƙwai, ƙarancinsa ya kwantar da ita. A gida kuwa kullum kaka ce: kwano cike da gero, ga ruwa, ga ƙwan lantarki ko fitilar sola har sha biyun dare. Jikin macen sai ya riƙa gaya mata lokaci ya yi, wata bayan wata. Ƙara mata da akwati, ko tukunya, ko wani lungu mai duhu a bayan kwanon abinci, ka gama kunna ta.

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce yankan takarda. Macen mai jar fuska za ta sami takarda ko ganyen dabino ta yanka shi siri-siri, tsawo ɗaya kamar da almakashi, ta soke a cikin gashin bayanta ta tashi da shi zuwa sheƙa. Ta Fischer kuwa a baki take ɗauka. Wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, William Dilger, ya haɗa irin biyu aure a wajajen 1960 don ya ga yadda 'ya'yan za su yi. Sai suka fito a rikice: su yanka, su juya kai za su soke a baya, su kasa saki, su zaro, su sake gwadawa. Sai da suka yi kusan shekara 3 kafin suka koma ɗauka a baki, kuma ko a lokacin sukan ɗan waiga baya kafin su tashi. Na kawo wannan ne don mai cewa zai hore wa tsuntsuwarsa faɗa da tarbiyya. Idan yadda ake ɗaukar tsinke ma a jini yake har haka, ina ga tsaron ɗakin da tsinken zai shiga? Ana iya rage abin da ke tayar da halin. Cire shi kam ba a yi.

Ragewar ba wuya gare ta ba. Idan ba ƙyanƙyasa kake so ba, kada ka sa akwati, kada ka ba da takarda. A rufe keji da zane su sami duhu na awa 10 zuwa 12. A rage abinci mai maiƙo, a ƙara ganye. Mai tsuntsuwa ɗaya da ta saba da hannu ya daina shafa mata baya, ya tsaya a kai da wuya, domin shafar baya a wurinta neman aure ne, kuma ranar da ta ɗauke ka miji, matarka da 'ya'yanka sun zama kishiyoyi, duk wanda ya matso kusa da kai zai sha cizo. Wannan ma yana da amfani fiye da maganin faɗa, don macen da ke ta zuba ƙwai ba hutu jikinta na ƙarewa, har ƙwai ya maƙale mata ya kashe ta.

Tsakanin su ya su ma ba a tsira ba, kuma nan ne asarar ta fi yawa, don nan ne mutane suka fi sakin jiki. Irin ukun da ake sayarwa, namiji da mace kamarsu ɗaya. Mai sayarwa zai taɓa ƙashin ƙugu ya ce maka wannan mace ce wannan namiji, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Tabbaci sai gwajin DNA, ko ranar da ka ga ƙwai. Maza biyu sukan zauna lafiya, har su riƙa ciyar da juna. Mata biyu kuwa za su iya shekara suna sosa wa juna kai, ranar da duka biyun suka so akwati ɗaya, ɗaya na iya kashe ɗaya. Idan ka ga ƙwai 8 ko 10 a sheƙa ɗaya kuma babu wanda ya ƙyanƙyashe, kada ka jira, mata biyu gare ka. Uku a keji ɗaya kuwa kuskure ne kai tsaye: biyu za su haɗa kai, na ukun ya zama bare a gidan da ba shi da ƙofa. Hatta miji da mata na gaskiya, idan ita ta shirya shi bai shirya ba, ko yaro ne ko ba shi da lafiya, takan huce a kansa. 'Ya'yan da suka fito daga akwati suka iya ci da kansu, a kwashe su, don uwar da ke son sabon kwanci za ta fara fige su, ba ta ƙara ganinsu a matsayin 'ya'ya.

Ba kowace hayaniya ce faɗa ba, kada mutum ya raba ma'aurata a banza. Karon baki da 'yar ƙara, a rabu, bayan minti ɗaya a dawo ana sosa kai, wannan tsakanin harshe da haƙori ne. Abin tsoro shi ne wanda ake bi daga sanda zuwa sanda ba a barinsa ya huta, wanda aka hana kwanon abinci, wanda ka tarar yana kwana a ƙasan keji, wanda ƙeyarsa ta fara yin sanƙo. Idan an kai ga jini, an wuce sulhu a wannan kejin. A raba su a take, a danne ciwon da tsumma mai tsabta ko ɗan garin sitaci har jinin ya tsaya, a nemi likitan dabbobi. Tsuntsu mai giram 50 ba shi da jinin da zai yi asara.

Na san akwai masu manyan ɗakunan waya da ke haɗa iri-iri shekara da shekaru ba abin da ya faru, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma duba abin da suke da shi: fili mai tsawon mita da yawa, kwanonin abinci a wurare daban-daban yadda ba mai iya tsare su duka, rassa da lungunan ɓuya. Wato sun mayar wa wanda ake kora hanyar gudunsa. Masu ƙyanƙyasar tsuntsun soyayya garke guda ma dabararsu ke nan: akwatuna su fi ma'aurata yawa, a rataye su tsayi ɗaya don kada a yi rububin na sama, a zuba tsuntsayen rana ɗaya don kada wani ya riga ya ce nan gidansa ne, kuma kada a bar gwauro ko ɗaya. Duk da haka sukan tsinci gawa jefi-jefi, sun dai ɗauke ta cikin lissafin sana'a. Wanda ke da tsuntsu biyar da 'ya'yansa suka raɗa wa suna, ba zai iya wannan lissafin ba. Su kansu irin ba ɗaya suke ba: mai jar fuska ya fi zafi, wasu ƙananan iri na Malawi da Zambiya sun fi sanyi. Haɗa mai jar fuska da na Fischer kuwa asara biyu ce, ga faɗa, ga 'ya'yan da in an samu ba sa haihuwa.

Maganar cewa idan ba a yi masa abokin zama ba zai mutu don kaɗaici, ita ma ta jawo ɓarna. Guda ɗaya na rayuwa lafiya shekara 10 zuwa 15 idan mai shi na da lokacinsa. Idan ba ka da lokacin, ka nemo masa na biyu, amma irinsa, kuma ba a jefa baƙo cikin kejin mai gida. A fara killace sabon a wani ɗaki na kwana 30 zuwa 45, domin wannan dangi sun shahara da ɗaukar ƙwayar cutar da ke lalata baki da gashin aku ba tare da ta nuna a jikinsu ba. Bayan nan a jera kejin biyu su yi makonni suna kallon juna. Idan ka ga suna kwana a gefen da ya fi kusa da juna, a haɗa su a sabon keji, ko a tsohon bayan an sauya wa komai wuri, da kwano biyu na abinci da biyu na ruwa, a ranar da kake gida. Kejin ya zama mai tsawo a kwance, kada ya gaza santimita 80, don tsuntsu gefe yake gudu ba sama ba, dogayen kejin nan masu kama da hasumiya ado ne kawai.

Mai son ya riƙe baji da kanari da tsuntsun soyayya duka a gida ɗaya, yana iya yi, kowa da kejinsa. Sai dai a nan ma akwai tarkon da ya ci yatsu da yawa. Idan kejin biyu sun manne, baki na wucewa ta tsakanin waya, don haka a bar tazarar da ta kai faɗin tafin hannu. Idan kuma ana sakin su su sha iska a ɗaki, a yi bi da bi, kuma lokacin da baji ke waje a ɗora kwali ko faranti a saman kejin tsuntsun soyayya. Baji ba ya ganin keji sai ya sauka a kai, ita kuma tana ƙasa tana kallon yatsu takwas sun leƙo ta rufin ɗakinta.